Makewayi Yana Nan, Amma Wa Zai Riƙe Maka Aikin?

Assalamu alaikum. Ku yi mini haƙuri, maganar yau ta makewayi ce, kuma na ga wasu har sun fara sunkuyar da kai. Wannan kunyar ce ke sa a cuci ma'aikaci ya kasa buɗe baki ya kai ƙara.

A shekarar 2016 ƙungiyar Oxfam mai yaƙi da talauci, reshen Amurka, ta fitar da rahoto kan ma'aikatan kamfanonin yanka kaji na ƙasar. A tsaye ake aikin, kaji na rataye suna wucewa a layi, a lokacin har 140 a minti ɗaya, kowa da ɓangaren da yake yanka. In mutum ya bar wurinsa, ko dai wani ya karɓe shi ko a tsayar da layin, kamfani kuwa ba ya son jin an tsaya. Ma'aikata suka ce sukan nemi izinin zagawa a ce su jira, wani lokaci har awa guda. Wasu suka rage shan ruwa. Wasu kuma, magidanta da iyayen yara, famfas suke ɗaurawa su zo aiki.

Kada ku ɗauka doka ce babu. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a can ta ƙayyade har adadi: makewayi ɗaya ga mutum 15, biyu in sun kai 16 zuwa 35. A 1998 ma ta ƙara bayani cewa gina shi bai wadatar ba, dole a bar mutum ya shiga lokacin da ya matsu. Makewayin na nan a kamfanonin. Mai karɓar aiki ne ba a ɗauka isasshe ba, domin shi albashi yake ci.

Riƙe fitsari na jawo ciwon mafitsara, in ya yi tsanani ya hau ƙoda. Ku tuna mai juna biyu, da mai al'ada, da mai ciwon suga.

Mu ma a Najeriya dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta isassun makewayi masu tsabta, na maza daban na mata daban. Dokar ƙwadago kuma ta ce wanda zai yi awa 6 ko fiye a ba shi hutun da ya kai awa ɗaya a jimlace. Amma maigadin da ke ƙofa shi kaɗai tun magariba fa? Yarinyar da ke sayar da fetur ga layin motoci fa? In oga ya ce "jira lokacin hutu", me za ta ce?

Shugabannin ƙungiyar ma'aikata da ke nan, in kun zauna da masu kamfani, ku sa a rubuta masu karɓar aiki nawa ne a kowane sashe, minti nawa mutum zai jira, kuma ba za a yanke masa ko kobo ba.