Shekara bakwai ɗin tekila: ta gona ce ko ta ganga?

[Hoto: guntun bidiyon da ake ta turawa]

Kun ga wannan bawan Allah? Ya zuba tekila, wato barasar ƙasar Meksiko, a ƙaramin kofi, ba ƙanƙara, ba gishiri, ba lemun tsami. Ya shinshina, ya kurɓa, ya ce wai kwalbar mai araha ce amma ta shekara bakwai. Nan fa gardama ta ɓarke. Kafin a fara jifana, ni shayi ne a gabana, ga shi kuna gani. Lissafin shekarun ne bai yi mini ba.

[Hoto: gonakin agabe a jihar Halisko, ƙasar Meksiko]

Wannan tsiron mai ganye kamar takubba shi ne agabe mai shuɗi-shuɗi, wanda da shi ake yin tekila. Shi ne ke kai shekara shida zuwa takwas kafin ya nuna. Manomi ya sassare ganyen, sai gindin ya fito kamar ƙatuwar abarba. A gasa, a matse, a bar ruwan ya tashi, a tace shi ta tururi sau biyu. Ku duba abin da ke ɗigowa. Fari tas, kamar ruwan famfo.

To, a nan nake so mu tsaya.

Shekara bakwai ɗin da mutumin ya ambata ta gona ce, ta ƙare ranar da aka sare tsiron. Dokar Meksiko ba ta fara ƙirga tsufan tekila sai ranar da ta shiga katako. Wadda ba ta tsimu ba sunanta blanko. In ta yi wata 2 zuwa shekara ɗaya, reposado, wato wadda ta huta. In ta yi shekara 1 zuwa 3 a gangar da ba ta wuce lita 600 ba, ita ce anyeho, tsohuwa. Wadda ta haura shekara 3 ma sai a 2006 aka ba ta nata rukunin, kuma ba a samunta da arahar da ya faɗa.

[Hoto: gangunan katako a jere cikin rumbu]

Me ya sa aka ƙayyade girman gangar? Saboda ruwan ya riƙa gogar katakon sosai. Daga nan launin zuma yake fitowa, da ƙamshin banila. Yawancin gangunan ma na hannu ne, an gama tsima wiski a cikinsu a Amurka aka sayo. Kullum kuma wani abu na tsirarewa ta jikin katakon ya bi iska, mai kamfani yana kallo kuɗinsa na raguwa. Tsadar ke nan.

Sai dai launi yana ruɗi. Doka ta yarda a ƙara ƙonannen sukari, ko gilisarin, ko ruwan katako, har kashi 1 cikin 100, ba tare da an rubuta a kwalba ba. Akwai ma mai suna "oro", ta zinariya, wadda sau da yawa ba ta taɓa kwana a ganga ba, rini ne kawai. A ganina wannan kamar shafa wa jariri furfura ne a ce dattijo ne. Shi ya sa masu ɗanɗanawa ke shan ta zalla. Gishiri da lemun tsami suna rufe asiri, zaƙin da ya yi yawa kuwa yana tona shi.

[Hoto: takardar jikin kwalba, an matso da kyamara]

Abu biyu ake dubawa a nan. Idan babu rubutun "100% de agave", ana iya samun har kashi 49 na sukarinta daga wani abu daban, kamar rake. Sai lambobi huɗu bayan haruffan NOM, masu nuna masana'antar da ta yi ta.

Tsutsar da ake cewa tana ƙasan kwalba? Wannan a wasu kwalaben meskal take, wata barasar agabe ce daban, ba tekila ba. Mai tambayar ko kwalbar za ta ƙara tsufa in ya ɓoye ta a ƙarƙashin gado shekara goma: a'a, malam. Gilashi ba katako ba ne, ƙura kawai za ta tara.