Daga Manchester: kalmar da muke jifan yaranmu da ita

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, yanzu na taso daga aikin dare, ina tsaye a tashar bas a nan Manchester, sanyi kuma ya sauko da ƙarfinsa. Mutanen Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ina gaishe ku, da fatan amfanin gona ya shigo gida lafiya.

Wani abokina da muka yi firamare tare ne ya tambaye ni a waya, wai da gaske ne a ƙasar Turawa in ka ce wa mutum "gay" kama ka za a yi? Zagi ne ko ba zagi ba ne? Na ce masa ya bari in amsa a bidiyo, don maganar ta shafe mu fiye da yadda yake zato.

A nan kalmar ita kanta ba zagi ba ce. Da ita mazan da ke son maza suke kiran kansu, ita ake rubutawa a jarida da takardun asibiti. Tun 1967 dokar Ingila ta daina hukunta manyan da suka yi abinsu a sirrance, kuma tun 2014 ake ɗaura musu aure. Amma a bakin 'yan makaranta takan koma ashar. Yaro zai ga takalmin da bai yi masa ba ya kira shi da ita, ya ga ɗan ajinsu mai sanyin hali ya jefe shi da ita don a yi dariya. Malamai suna hukunta wannan. A wurin aiki kuwa akwai dokar daidaito ta 2010, wadda ta hana a tsangwami ma'aikaci a kan wannan, ko da zato kawai ake yi masa alhali ba haka yake ba. Wanda ya mayar da ita abin tsokanar abokin aikinsa, shi ne zai iya rasa aikinsa.

To amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda kowace ƙasa take ganin ta iya gane mutum daga kallo ɗaya. Ku duba mu. Abokai biyu za su riƙe hannu tun daga ƙofar masallacin Juma'a har bakin kasuwa, ba wanda zai waiwaya. Dattijo zai sa kwalli ya fesa turare, ango zai sa shadda ruwan hoda mai aiki, a ce ya yi kyau. Duk waɗannan in ka yi su a titin nan da nake tsaye, wata fassara za a yi maka. Su kuma Turawa namiji zai ɗaura jariri a ƙirji, ya shiga kicin, ya wanke kwanuka, abin da in saurayi ya yi a ƙauyenmu sai majalisa ta kwana tana maganarsa. Alamar da ake rantsuwa da ita a can ba komai ba ce a nan, ta nan ma ba komai ba ce a can. To wace irin alama ce wannan?

A gidan kula da tsofaffi da nake aiki akwai wani Bature, ƙato ne mai gemu, ba ya magana sai ta kama, ranar hutu gyaran babur yake yi. Shi da bakinsa ya gaya mini da namiji yake zaune. Akwai kuma wani mai siririyar murya, in yana magana hannunsa ba ya tsayawa, shi kuwa matarsa ce take zuwa ɗaukarsa da 'ya'yansu a bayan mota. Da masu gane mutum daga tafiyarsa aka kawo, da sun juya lissafin. Masu son ƙwallo kuma ku tuna Justin Fashanu, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne, yayan John Fashanu. Ɗan wasan gaba ne mai ƙarfi da ya yi dambe yana matashi, shi ne baƙar fata na farko da aka saya fam miliyan 1, lokacin da ya bar Norwich zuwa Nottingham Forest a 1981. A 1990 ya fito ya faɗa wa duniya yadda yake. Ba daga muryarsa aka gane ba, shi ne ya faɗa.

Yanzu bari in dawo gida, don nan ne ciwon yake. Ɗan Yayata yana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare. Mahaifinsa ya rasu, 'yan uwansa mata sun yi aure, Yaya kuma da ƙosai take riƙe gidan. Yaron nan shi ke tashi kafin kiran assalatu ya surfa wake, ya kai niƙa, ya hura wuta. Ranar Alhamis shi ke ɗaukar kasko da galan ɗin mai su tafi kasuwar Maigatari. In ciwon baya ya kama uwarsa, shi ke zama kan kujerar 'yar tsugunno ya riƙe matsami. Sai yaran unguwa suka laƙaba masa ɗan daudu. In ya wuce su kama ƙugu, su tafa hannu, su ƙanƙance murya. Manya suna zaune a kan tabarma suna murmushi. Da na kira shi, sai da ya daɗe yana shiru kafin ya ce, "Kawu, ni fa Inna kawai nake tayawa. In na daina, wa zai yi mata?" Ya daina zuwa ƙwallo da yamma. Ya fara cewa zai bar makaranta ya tafi Legas.

Wallahi abin ya ƙona mini rai. Mai tsire yana gasa nama, mai shayi yana soya ƙwai daga safe har dare, ba wanda ya taɓa cewa sun zama mata. Me ya raba kaskon ƙwai da kaskon ƙosai? Kuma Nana A'isha ta ba da labarin cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kasance cikin hidimar iyalinsa a gida, yana gyara takalminsa, yana ɗinke tufafinsa.

Su kansu 'yan daudun mun daɗe da su a ƙasar Hausa. Muna ganinsu a tashar mota da kasuwa suna tuwo-tuwo, muna cin abincinsu, wasunsu da mata da 'ya'ya. Yanayin magana da sana'a abu ne daban, abin da mutum ya aikata a ɓoye abu ne daban, amma mu mun haɗe su, sannan muka ɗora wa duk yaron da muryarsa ba ta yi kauri ba. Imamu Nawawi ya bambance wanda aka halicce shi da taushin ɗabi'a da wanda yake ƙirƙira da gangan, ya ce na farkon babu zargi a kansa.

Ba fatawa na zo bayarwa ba, malamai suna nan. Amma duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya wuce ta babin haddi, inda aka ce wanda ya ce wa namiji "kai ɗan luwaɗi" haddi ya hau kansa, ko da habaici ya yi. Bulala 80 ke nan, hukuncin ƙazafi da ke cikin Suratun Nur. Suratul Hujurat kuma ta hana jifan juna da munanan laƙabi, ta hana zato, ta hana bin diddigi. Mun haddace hukuncin mai aikatawa, mun tsallake na mai jifa, alhali shi ne laifin da muke yi kullum a bakin titi, cikin raha.

Kuma a gida kalmar nan ba wasa ba ce. Dokar tarayya da Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, Kano da Jigawa kuma suna da dokokin Shari'a. A watan da aka sa hannun nan ma, taron jama'a ya yi ta jifan wata kotun Shari'a a Bauci da duwatsu saboda waɗanda ake tuhuma suna ciki, tun kafin alƙali ya yanke komai. A irin wannan yanayi in ka laƙaba wa yaro suna, ka taɓa aurensa, ka taɓa cinikin uwarsa, wata rana ma ka taɓa ransa. Magana zarar bunu ce. Ko wanda abin ya tabbata a kansa ɗan wani ne, ba wanda ya ba ɗan unguwa izinin ɗaukar dutse.

Roƙona ga masu unguwanni, limamai da malaman makaranta: in kun ji yaro ya faɗe ta, ku tsayar da shi a take, ku tambaye shi me ya gani da idonsa, ku kira ubansa. Na yi magana da limamin garinmu, Allah ya saka masa da alheri, ya ce zai taɓo batun ƙazafi a karatun bayan magariba. Ga bas ɗina nan ta iso, sai mun haɗu a bidiyo na gaba. A gaida mutanen gida.