"Kakanmu Ya Tafi Makka Da Ƙafa": Mutum Nawa Ne A Cikin Wannan Kakan?

Assalamu alaikum, masu kallo. Tun da hotunan Hausawan Sudan suka fara yawo a Facebook da TikTok, musamman bayan rikicin yankin Damazin na shekarar 2022 da kuma yaƙin da ya ɓarke a Hartum a watan Afrilun 2023, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wani matashi zai fito ya ce kakansa yana cikin waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru zuwa gabas, nan take wani ya ɗauko lissafi ya ce masa ƙarya yake yi, domin daga wancan lokaci zuwa yau an haura shekara 120. Daga nan sai zagi ya shigo, a bar maganar tarihi a koma kan iyaye. A ganina su biyun duka sun yi tuntuɓe ne a kan dutse ɗaya, wato kalmar "kaka".

Bari mu gaggauta da abin da babu saɓani a kansa. A ranar 15 ga Maris, 1903, sojojin Ingila suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashin Nasara, ya kama hanyar gabas, jama'a masu ɗimbin yawa suka yi ta binsa gari bayan gari, domin an daɗe da riwaya a tsakanin jama'ar Shehu cewa wata rana za a yi hijira zuwa gabas. A Burmi, wadda take cikin jihar Gombe ta yanzu, aka yi karon ƙarshe ranar 27 ga Yuli, 1903, kuma a nan Attahiru ya yi shahada. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya tare da waɗanda suka tsira, har suka sauka kusa da Sinnar, a bakin reshen kogin Nilu da yake gangarowa daga Habasha. Garin da kuke gani a taswirar nan har yau da laƙabinsa ake kiransa, Mai Wurno.

To, yanzu ga inda ake samun kuskuren. Idan Bahaushe zai lissafa zuriya zuwa ƙasa, yana da ɗa, yana da jika, yana da tattaɓa-kunne. Idan kuwa zai hau sama, daga uba sai kaka, shi ke nan. Mahaifin mahaifinka kaka ne, mahaifiyar mahaifiyarka kaka ce, wanda ya haifi kakan naka shi ma a bakin mutanen gida "kakanmu" ne, haka wanda ya sari dajin da aka kafa garin shekara 300 da suka wuce. Mai son bambancewa yakan ce kakan kaka, amma wa yake da wannan haƙurin a tsakiyar hira, ana tauna goro, yara suna ta tambayar "sai kuma aka yi yaya?" Saboda haka duk lokacin da labari ya sauko daga baki zuwa baki, mutanen da ke tsakiya sukan zube ɗaya bayan ɗaya, ayyukansu kuma su tattaru a kan mutum guda wanda sunansa ya fi ƙarfi.

Wannan ba a gidajen talakawa kaɗai yake faruwa ba. Ku dubi gidan da ya fi kowane gida a ƙasar Hausa kiyaye salsalarsa a rubuce. Maroƙa da mawaƙa sun sha kiran Sardaunan Sakkwato, Sa Ahmadu Bello, da "jikan Shehu", kuma babu wanda ya taɓa cewa sun yi ƙarya. Amma ku bi sunayen da ke fitowa a allon nan a hankali. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya haifi Muhammadu Bello, Bello ya haifi Abubakar Atiku na Raba, Atiku ya haifi Ibrahim, Ibrahim ya haifi Ahmadu. Mutum uku ne a tsakaninsu, kuma an haifi Sardauna fiye da shekara 90 bayan rasuwar Shehu a 1817. Shi kansa Attahirun da muke magana a kansa, ɗan Ahmadu ne, ɗan Abubakar Atiku, ɗan Shehu, wato tattaɓa-kunne. Da a ce malaman gidan ba su rubuta waɗannan sunaye ba, da yanzu akwai wanda zai rantse cewa Shehu ya ɗauki Sardauna a cinyarsa ranar suna.

Akwai abu na biyu da yake ƙara dagula lissafin, shi ne takwara. Al'adarmu ce a mayar wa jariri sunan kakansa, sa'an nan saboda alkunya iyayen ba za su iya kiran sunan ba, sai su koma kiransa Abba, ko Baffa, ko Baba Ƙarami. Idan kakan ya je Hajji, yaron ma Alhaji za a riƙa ce masa, ka ga Alhaji ɗan shekara uku yana yawo tsakar gida ba wando, alhali ko ƙofar gari bai taɓa fita ba. Bayan shekara 80, idan dukansu sun kwanta dama, za a sami Alhaji Muhammadu biyu a layi ɗaya, da wani bawan Allah a tsakaninsu. Mai ba da labari zai haɗe biyun su zama ɗaya ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba, na tsakiyar kuma ya ɓace.

Yanzu ku ɗora wannan a kan hanyar Hajji ta ƙasa, za ku ga dalilin da ya sa labaran gidajen da suka bi ta suka fi kowane labari haɗuwa da wannan matsala. Jan layin da ke tafiya a taswira ya tashi daga Kano, ya bi ta Borno, ya ratsa Chadi ta Abeche, ya shiga Darfur, ya wuce El Obeid, ya ƙare a bakin Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiya ce ta fiye da kilomita 3,000, kuma talakan da ya kama ta ba da guzurin da zai kai shi yake fita ba. Yakan tsaya a wani gari ya yi noma damina ɗaya ko biyu, ko ya yi ɗinki, ko wanzanci, ko ya buɗe makarantar allo, in ya tara abin da ya tara ya ƙara gaba. A hanya ake aure, a hanya ake haihuwa, a hanya ake binne mutane. Da aka kammala madatsar ruwa ta Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, sai aikin ya riƙe dubban matafiya, wasu suka zauna da niyyar shekara ɗaya, har jikokinsu suka tashi a nan suna jin Larabci kamar Hausa. Wannan ne ma ya sa kuskure ne a ce duk Hausawan Sudan zuriyar muhajiran 1903 ne, domin mahajjata suna bin wannan hanya tun kafin a haifi Attahiru, kuma sun ci gaba da binta shekaru da yawa bayansa, har lokacin da jirgin sama ya karɓe jigilar alhazai.

Kafin mai lissafi ya yi murna, shi ma akwai nasa. Ya ɗauka cewa kowane uba yana haihuwa ne yana ɗan shekara 25 ko 30, alhali a gidajenmu dattijo mai shekara 65 yakan yi amarya ya sami auta. Wanda aka haifa a 1885 yana da shekara 18 ranar Burmi. Idan ya haifi autansa a 1950, shi kuma autan ya haifi nasa a 1998, to ga matashi nan da waya a hannu wanda kakansa na haƙiƙa ya ga yaƙin da idonsa. Ba kasafai ake samun haka ba, amma yana faruwa, don haka a daina saurin ƙaryata mutane.

Yadda ake warware zaren ba wuya. Kada ka tambayi tsohuwa shekara, domin ba da ita take lissafi ba. Ka tambaye ta wa ta gani da idonta, wa kuma aka ba ta labarinsa, sa'an nan ka tambayi wane sarki ne yake kan gado. Mutanen Kano, alal misali, suna cewa zamanin Alu, wanda ya ƙare a 1903, ko zamanin Abbas, daga 1903 zuwa 1919, ko zamanin Abdullahi Bayero, daga 1926 zuwa 1953. Suna kuma tuna zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, da yunwar Kakalaba ta wajejen 1914, da annobar 1918.

Na gwada wannan a gidanmu. Tun muna yara ake gaya mana cewa kakanmu ya bar gida da ƙafa a shekarar Kakalaba, yana magidanci da gemunsa, ya je Makka, ya dawo a mota zamanin Sarki Abdullahi Bayero, ya yi aure ya haifi su mahaifina. Ban taɓa lura ba sai da na girma cewa mutumin nan ya tafi da furfura ta fara fito masa, ya dawo bayan shekara 30 da ɗoriya yana saurayi mai neman aure. Na sami Goggo a ɗakinta bayan sallar isha'i, tana jan carbi, na ce, "Goggo, Baban naku da kika sani, shi ne ya fita lokacin yunwa?" Ta dube ni kamar na tambaye ta ko wuta tana da zafi, ta ce, "Kai yaro, Baba ai a can aka haife shi. Wanda ya fita kakansa ne, mai sunansa, shi ko Makkar ma bai kai ba, a Abeche Allah ya karɓi abinsa."

Na ce to waye ya kai? Ta yi shiru, ta ajiye carbin, ta sa aka sauko da gafakar nan da kuke gani daga saman sif. Fatar ta bushe, igiyar ratayawar an sha ɗaure ta. Wanda ya binne tsohon a Abeche, ya ɗauki iyali ya ratsa Darfur da su, ya yi shekaru yana tsinkar auduga a Jazira har ya tara kuɗin jirgin ruwa, shi ne ɗan da ke tsakiya, kuma ni a iya rayuwata ban taɓa jin an ambace shi a cikin labarin ba. Sunansa yana bayan takardar ƙarshe ta Alƙur'anin, an rubuta da ajami, tawadar ta koɗe ta koma ja. Mai kyamara, ka ɗan matso kusa su gani.