Fura Ba Ɗanyen Gari Ba Ce

Tun da muka saka bidiyon Maigatari, magana ɗaya ke ta dawowa: "Wai ashe ɗanyen gari ake sha a fura?" Wani har rantsuwa ya yi cewa shi da fura sun raba hanya. Malam, dawo ka zauna.

Ranar Alhamis kasuwar Maigatari take ci, dab da iyakar Nijar. Tsire, ɗanwake, matan Fulani sun jera ƙoren nono a inuwa, duk kun gani. Abin da ba ku gani ba shi ne aikin da aka sha kafin furar ta iso kasuwa. Shi ya sa muka bi Inna mai fura har gida, wani ƙauye a hanyar Gumel.

Gero ne. A surfa, a bakace, a wanke, a kai niƙa da citta, kanumfari da ɗan barkono. Ba a nan rikicin yake ba.

Ga inda yake. Inna ta cura garin manya-manya. Dubi wannan curin, tafin hannu biyu ba sa rufe shi. Ruwa na tafasa a tukunya ta jefa su ciki, kuma ba ɗumama su take yi ba, dafawa ce sosai. Ga shi ta tsamo ɗaya ta fasa. Kun ga fari-farin nan a tsakiya? Bai nuna ba, ya koma wuta.

Sai ya dahu har ciki za a juye a turmi da zafinsa, a shiga kirɓi. Ku saurari taɓaryar nan. Ba ta ƙara irin ta dakan hatsi, kamawa take tana saki. Inna na yayyafa ruwan zafi kaɗan-kaɗan har ya haɗe jikinsa ya yi danƙo. Ni ma na karɓa don kada a raina ni. Ban yi bugu goma ba ta ce, "Kawo, ɗan nan, kada ka kifar mini da turmi."

To, farin garin da ya tayar muku da hankali fa? Barbaɗe ne kawai, bayan an cura ta ƙanana, don kada su manne da juna. Wadda ba ta ga wuta ba sunanta gumba, irin wadda ake rabawa sadaka. Ita daban, fura daban.

Saura damu. In kana da hali, ka ce a zuba maka kindirmo, wanda ba a kaɗe man ba. Ni dai furar da aka markaɗe a na'ura ta yi sumul ba ta burge ni. Ina son ludayi ya taɓo gaya a gindin ƙwarya, in sha kuma in tauna.

Inna, a ƙara mini ɗaya, sukarin kaɗan.