Waɗanda Ba a Gani a Shafukan Mujallun Biki

Shugaban taro, malamai, ɗalibai da sauran mahalarta, assalamu alaikum.

An nemi in yi magana a kan mujallu da shafukan intanet masu wallafa hotuna da labaran bukukuwan aure, kuma na san a cikinku akwai masu ganin batu ne na ƙawa wanda bai kai a yi zama a kansa ba. Ni ban yarda da haka ba, domin hoton da ido ya saba da shi, shi ne yake komawa mudun da mutum yake auna kansa da shi.

Ku dubi farar rigar amarya. Kafin Sarauniya Victoria ta Ingila ta sa farar riga ranar aurenta da Yarima Albert a 1840, yawancin amaren Turai sukan sa mafi kyawun rigar da suka mallaka ne, ko wane launi gare ta. Jaridu da mujallu suka yi ta yayata shigar, har aka wayi gari ana zaton tun fil azal haka ake yi. Haka ma zoben lu'ulu'u, wanda tallar kamfanin De Beers, mai cinikin lu'ulu'u, ta 1947 ta taimaka ya zama kamar sharaɗin baiko a ƙasashe da dama. Wanda ya iya mayar da riga al'ada, zai iya koya wa jama'a wace ce ta dace da sunan amarya.

Mujallar Brides ta fara fita a Amurka a 1934, ta daina fita a takarda a 2019 ta koma intanet, amma hanyar samun kuɗin irin wannan sana'a ba ta sauya ba. Masu talla ne ke ɗauke da ita: masu ɗinkin riguna, masu dakunan taro, masu ɗaukar hoto. Saboda haka edita yakan zaɓi bikin da zai sayar da hajarsu, wato na matasa masu hali da ƙirar jiki iri ɗaya. Bazawarar da ta sake aure bayan ta haura hamsin ba ta shiga, haka ma waɗanda suka yi ɗan ƙaramin taro daidai ƙarfinsu.

Inda abin ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne batun masu nakasa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne ke fama da nakasa mai tsanani, kimanin ɗaya cikin kowane shida ke nan, kuma sashe na 23 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙoƙinsu ya tabbatar musu da 'yancin yin aure da kafa iyali. To, ina suke a waɗannan shafuka? Idan ma an nuna su, sau da yawa sai a yanke hoton yadda keken guragu ba zai fito ba, ko kuma a cika labarin da yabon mijin da ya yi "sadaukarwa" ya auri mai lalura, kamar ita amaryar kaya ce da aka ɗauka don neman lada. Wannan cin fuska ne, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya. Sannan su ma masu karatu ne: makaho yana buƙatar a rubuta bayanin hoto domin manhajar da ke karanta masa shafi ta faɗa masa abin da ke ciki, kurma kuma yana buƙatar rubutu a ƙasan bidiyo.

Launin fata ma yana da nasa tarihin, domin shekaru da yawa katin gwajin launi na kamfanin kayan hoto na Kodak, wanda masu wanke hoto ke daidaita launi da shi, hoton Baturiya yake ɗauke da shi, kuma har yau akwai masu gyaran hoto da ke haskaka fatar amarya ba tare da sun tambaye ta ba.

Sai auratayya tsakanin jinsuna da al'ummomi daban-daban. Mu tuna cewa sai a 1967 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokokin hana aure tsakanin baƙi da farare, Afirka ta Kudu kuwa sai a 1985. Marubucin da ya je irin wannan biki, aikinsa ya tambayi ma'auratan sunan kowane abu da ma'anarsa, ya rubuta sunayensu daidai, kada ya mai da su abin kallo.

Ga waɗanda za su shiga wannan sana'a a cikinku, ku fara duba takardar da ma'aurata ke cikewa idan suna son a wallafa bikinsu. Yawanci ana gindaya cewa sai hotunan ƙwararren mai hoto da jerin kamfanonin da aka ɗauka haya, kuma a nan ake tace mutane tun kafin idon edita ya kai kansu. Ku sassauta wannan sharaɗi, ku nuna wa ma'auratan hoto da rubutun kafin a fitar, sannan ku tabbata a teburin da ake zaɓe akwai wanda ya taɓa neman irinsa a shafin bai samu ba.