Jirgin Da Ake Tuƙawa Da Waya Biyu

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Ku ɗan tsaya ku kalli wannan ƙaramin jirgin da aka rataye a sama, ku duba ƙarshen fiffikensa na hagu, za ku ga wasu wayoyi guda biyu sun ɗan leƙo waje. To waɗannan wayoyin su ne labarinmu na yau.

Wajen nan sunansa National Model Aviation Museum, yana garin Muncie a jihar Indiana ta Amurka, gidan adana tarihin ƙananan jirage ne na ƙungiyar masu wasan ƙananan jirage ta Amurka, wato AMA, wadda aka kafa tun 1936. Akwai jirage kala-kala a ciki amma ni ɓangaren da ya fi ɗaukar hankalina shi ne na waɗanda suke kira control line. Babu rimot a nan. Mutum ne zai tsaya a tsakiyar fili riƙe da wani ɗan mariƙi, wayoyin ƙarfe biyu sirara sun tashi daga hannunsa har jikin jirgin, tsawonsu yakan kai mita 20, jirgin yana zagaye shi, shi kuma yana juyawa yana binsa har mai ya ƙare.

Yaya abin yake aiki? A cikin jirgin akwai wani ɗan ƙarfe mai kusurwa uku da yake juyawa a kan ƙusa, wayoyin nan biyu a jikinsa aka ɗaure su, sannan wata 'yar sanda ta tashi daga shi zuwa faifan da ke jelar jirgin. Ka ɗaga wuyan hannunka sama waya ɗaya ta ja, faifan jela ya ɗaga, jirgi ya hau. Ka karya hannu ƙasa ya sauko. Shi kenan fa, sama da ƙasa kawai, amma da wannan ake wuntsila jirgi a iska, a kifa shi yana tafiya a bayansa, har a zana lamba takwas da shi. Kuma saboda kada waya ta yi sako-sako sai su saka ɗan nauyi a fiffiken waje, wato wanda ke nesa da matuƙi, domin in waya ta saki to matuƙi ba shi da sauran iko, sai dai ya ja da baya da gudu ko ya je ya tsince guntaye.

Sunan da aka fi sani a harkar shi ne Jim Walker na garin Portland a jihar Oregon, mai kamfanin American Junior. Shi ya fito da jirgin Fireball a wajen 1940, ya kira tsarin U-Control ya kuma yi masa rajistar mallaka, duk mai son ƙera irinsa ya sayar sai ya biya shi. Ana haka rigima ta haɗa shi da kamfanin Cox har kotu, a 1955 kotu ta rushe rajistar, saboda an gano wani mutum mai suna Oba St. Clair shi ma a Oregon ɗin ya riga shi tuƙa jirgi da wayoyi tun shekarun 1930, da jirginsa Miss Shirley. Ni dai a ganina kowa da nasa ladan, ɗaya ya fara, ɗaya ya sauƙaƙa abin ya kai shi hannun yara. Bayan shari'ar ne Cox ya cika kasuwa da jiragen roba masu ɗan mitsitsin injin da ake kira .049, mai ƙara kamar zuma ta shiga gwangwani.

Yanzu ku matso ku ga jikin tsofaffin. Yawanci da katakon balsa aka yi su, itace ne mara nauyi, wanda ya taɓa fere ɓargon karan dawa ya haɗa mota yana yaro zai gane irin laushin da nake nufi. Ana haɗa haƙarƙarin fiffike ɗaya bayan ɗaya, a lulluɓe da takarda ko siliki, a shafa wani fenti da yake ɗame shi ya yi tauri kamar fatar ganga. Wata da watanni mutum yana wannan aikin bayan ya taso daga aiki ko makaranta, kuma kuskuren daƙiƙa ɗaya ya isa ya farfasa shi, shi ya sa wallahi duk jirgin da kuka ga ya kai shekara 70 a raye ba ƙaramin abu ba ne.

Adana su ma wani aiki ne. Man da injin yake sha akwai man zurma a ciki, injin yana fesar da shi a jikin jirgin ya ratsa katako, ga wannan duhun da kuke gani a gaban hanci kusa da farfela, ba datti ba ne, shaida ce cewa jirgin ya tashi da gaske. Takardar kuma tana tsufa tana tsagewa, haske yana cinye launi, don haka ake kiyaye zafi da laima da hasken ɗakin. Ni na fi son mai faci da tabon mai a kan wanda aka sake wa fenti yana ƙyalli.

Abin da gilashi ba zai iya nuna maka ba shi ne ji a hannu. Mai rimot ido kawai yake amfani da shi, wannan kuwa jirgin yana jan hannunka, iska ta buga shi ka ji a kafaɗarka. Kuma wasan bai mutu ba, a filin da ke wajen ginin nan duk shekara ana gasar ƙasa, akwai masu gasar salo, akwai masu faɗa inda jirage biyu suke zagaye ɗaya kowa yana neman yanke ƙyallen takardar da ke jelar ɗan'uwansa, sai masu gudu da jirginsu yakan kai kusan kilomita 300 a awa.

Idan wani ya yi sha'awar gwadawa, don Allah a nesanci wayoyin lantarki, wayar ƙarfe ce a hannunka kuma an rasa rayuka ta haka. A bidiyo na gaba za mu buɗe injin .049 ɗin mu ga yadda yake tashi.