Yadda Ake Horar da Askar a Saudiyya

Assalamu alaikum, masu kallo. Duk Bahaushen da ya zauna a Makka, ko a Shara Mansur ne ko a wata unguwa, ya san muryar askar, wato jami'in tsaron Saudiyya, idan ya ce "yalla ya hajji" yana buɗe hanya a ƙofar Harami. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne irin karatun da ke bayan wannan murya, da yadda ya sauya cikin shekaru.

A shekarar 1935, zamanin Sarki Abdul'aziz, aka buɗe makarantar 'yan sanda a Makka. Daga baya aka mayar da ita Riyad, kuma ita ce a yau ake kira Kwalejin Tsaro ta Sarki Fahad, inda ake yaye hafsoshin ma'aikatar cikin gida. A Riyad ɗin kuma akwai Jami'ar Nayif ta ilimin tsaro, wadda aka kafa a 1978, kuma tana ƙarƙashin majalisar ministocin cikin gida na ƙasashen Larabawa, tana ba da manyan digirori a binciken laifuka da gwajin hujjojin laifi a kimiyyance. Wato aikin da a da ake ɗauka na fareti da riƙe bindiga ne kawai ya koma fannin da ake rubuta kundin digiri a kansa.

Sai dai darasin da ya fi tsada ba a aji aka fara koyonsa ba. A 1990 mutum 1,426 suka rasu a ramin Mu'aisim, wata hanyar alhazai da aka haƙa ta cikin dutse kusa da Mina, a 2006 sama da 340 suka rasu a wurin jifa, sannan a 2015 turereniyar Mina ta ci rayukan mutum 769 bisa ƙidayar hukuma, cikinsu har da alhazan Najeriya da Nijar masu yawa. Allah ya jiƙansu. Waɗannan musibu sun nuna cewa taro yana da ka'idojinsa: idan mutum shida ko bakwai suka matsu a murabba'in mita ɗaya, babu wanda ke tafiya da ƙafarsa, taron ne ke kwasar kowa kamar ambaliya, kuma a wannan lokaci tsawa ba ta da wani amfani. Shi ya sa ake koya wa dakarun tsaron Hajji da Umra su gane cunkoso tun kafin ya kai nan, su tsayar da ayari daga nesa, su raba hanyar shiga da ta fita, su kuma yi aiki da jadawalin jifa tare da abin da kyamarori ke nuna wa ɗakin sa ido. Idan askar ya rufe maka hanyar da ka ga babu kowa a kanta, sau da yawa yana bin umarnin wanda ke ganin abin da ke gabanka ne.

An kuma shigo da mata. A 2021 aka fara ganin jami'an tsaro mata cikin kaki suna aiki a Masallacin Harami, kuma duk wanda ya taɓa raka mahaifiyarsa cikin cunkoso ya san muhimmancin hakan. Cibiyar kiran gaggawa ta 911, da aka buɗe a yankin Makka a 2016, ita ma ta zo da buƙatar jami'in da ya iya kwamfuta da sauraron mutumin da ya firgita.

A ganina, inda ya kamata horon ya ƙara zurfi shi ne harshe. Hukumomin Harami sun riga sun sa Hausa cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa zuwa gare su, amma tsohuwar da ta ɓace wa tawagarta a Mina, ba ta jin Larabci, ba huɗuba take nema ba a wannan sa'a. Tana neman wanda zai tambaye ta lambar tantinta cikin harshen da take ji. Kalmomi kaɗan na Hausa a bakin jami'i, irin su "tsaya", "sannu Hajiya", "ina masaukinki", sun isa su kwantar mata da hankali, kuma a Makka da Jidda da Madina akwai matasan da suka tashi da Hausa da Larabci a baki ɗaya, waɗanda za su iya koyar da su.